Filafilan Jirgin Imurana

Shekara huɗu cif Imurana kafinta ya yi yana yawo da magana ɗaya a baki, wadda ya kamata ya faɗa wa matarsa. Maganar ba ta da tsawo, kalma huɗu ce: Abiba, ki yafe mini. Na san laifin da ya yi mata domin da hannuna a ciki, kuma har yau da nake wannan rubutu ban tantance wanda na fi jin haushi ba, shi ko ni.

Ni sunana Saddique, direban trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ko in ce tsohon direba, tun da ciwon gwiwa ya sauke ni daga mota. Shekara talatin da ɗaya ɗakina na jikin nasu a wani gidan haya a Nima, ɗaya daga unguwannin Zango na Accra inda Musulmi baƙi suka yi gida, gida mai ɗaki goma sha huɗu da famfo guda, inda in ka yi tari a ɗakinka maƙwabci zai ce maka sannu. Shi Dagomba ne, ni Moshi, saboda haka akwai wasan kaka da jika a tsakaninmu. Da shekara biyu kacal ya girme ni, amma Kaka nake kiransa, shi kuma ya ce da ni jikan banza.

A Kumbungu, can arewa, aka haife shi. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya hau saman motar doya ya sauka a Accra da riga ɗaya, ya yi shekara bakwai yana koyon aiki a wurin wani kafinta ɗan ƙabilar Ewe a unguwar Kokomlemle. Daga nan ya kafa rumfarsa a bakin lungunmu, aka fara ce masa Masta Imurana. Teburin masu waakye, wato shinkafa da wake, bencin masu koko, ƙofa, taga, akwatin amarya, babu abin da bai yi ba, kuma aikinsa ba ya girgiɗi. Akwai bencin da ya yi tun kafin in yi aure, har gobe matan gidanmu uku masu jiki suna zama a kai suna cin naman mutane, ko ƙara bai taɓa yi ba.

Aibinsa nauyin baki. Sai ka wuni da shi bai yi maka magana goma ba, ban haƙuri kuwa ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. In ya ɓata maka rai, sai ya je ya gyara maka wani abu. Mun taɓa yin cacar baki da shi a kan layin famfo, shi ne da laifi kuma ya sani. Washegari na dawo daga aiki na tarar an canza mini marfin taga. Haka yake neman gafara, da guduma da ƙusa, mu da muka san shi kuma muka karɓe shi a haka.

Abiba tela ce. Kekenta na ƙafa yana baranda, daga safe zuwa yamma keken na kuka, bakinta ma na aiki. Takan ce Allah ne ya raba musu hidima: shi ya yi shirun mutum biyu, ita ta yi surutun mutum biyu. 'Yarsu ɗaya, Rahinatu, tana aure a Kumasi.

Jirgin ya shigo rayuwarsu ta cikin wani tsohon kabad na gwanjo da aka kawo masa gyara. A bayan durowa ya tarar da manyan takardu bakwai a ninke. Zanen jirgin ruwa ne na yaƙi, irin na zamanin da, wanda iska ke turawa: hawa uku, dogayen jigo uku da ake ɗaura wa filafilai, wato yadin da ke kama iska, da igwa casa'in masu leƙowa ta ƙananan tagogi. Rubutun jikin ba Turanci ba ne. Mun kai wa wani malamin makaranta a unguwar Kanda, ya juya ya juya, ya ce shi ma wannan yare ya fi ƙarfinsa. Mai kabad ya ce a zuba a bola. Imurana ya naɗe su ya kai ɗaki, mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, teku ma daga bakin titi yake gaishe ta.

Na ce, “Kaka, wa zai sayi wannan abu a Nima?”

Ya ce, “Ba na sayarwa ba ne.”

“To na mene ne?”

“Ina so n gani ko zan iya.”

Tun daga ranar, da an idar da la'asar sai ya rufe rumfa ya zauna wa jirgi har magariba. Rubutun bai karantu ba, amma lambobi sun karantu, sauran kuma ido da hannu suka cike. Ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa da odum, wani katako mai ƙarfi, ya yi su. Jikin kuwa madaci ya riƙa tsagawa siriri-siriri, bai fi kaurin kwalin ashana ba, ya jiƙa a ruwan zafi, ya lanƙwasa a jikin bututun ƙarfe da ya ɗora kan gawayi. In ya yi gaggawa katakon ya karye, in ya yi jinkiri ya ƙone. Ƙusar ƙarfe ta yi masa girma, sai ya koma feƙe tsinken chichinga, wato tsire, yana bugawa a madadinta. Igwa casa'in da bakwai ya sassaƙa, ya zubar da bakwai wai bakinsu ya karkace, ni kuwa na duba har idona ya yi ruwa ban ga karkatar ba. Igiyoyi daga zaren Abiba ya murɗa su, uku-uku, ya goge da kakin zuma. Jirgin ya kai tsawon bencin mutum uku, ya cinye kusan rabin ɗakinsu. Abiba ba ta taɓa ƙorafi ba. Ɗan autanmu take ce wa jirgin, in za ta yi shara ta ce ya ɗaga ƙafa.

A shekara ta uku da fara aikin, Rahinatu da mijinta suka kai Abiba Makka. Tare suka tafi da aminiyarta Hajiya Latifatu, jikar malaman Kano, wadda ita ke yi wa gawar mata wanka a unguwarmu. Akwai abin da tsofaffinmu da yawa suke yi in sun je can. Sukan sayi farin yadi, su jiƙa shi da ruwan zamzam, su shanya, su ninke su kawo gida su ajiye. Likkafaninsu ke nan. Ba a nuna shi, amma ana alfahari da shi. Abiba ta dawo da nata, kuma babu wanda bai ji labarinsa ba a gidan nan, daga mai tuya har mai gawayi. Ta ce ita yanzu ta gama shiri, ko yau aka kira ta da kayanta a hannu. Shi ma ta faɗa masa, ina zaune a wurin. Hantsaki na hannunsa, idonsa na kan wata igiya, ya ce, “To, madalla, Hajiya.” Inda ta ce ta ajiye shi kuwa, ta wannan kunne ya shiga ya fita ta wancan.

Bayan shekara biyu Rahinatu ta haihu, Abiba ta tafi Kumasi zaman jego na kwana arba'in. A lokacin jikin jirgi ya kammala, an kafa jigo, saura filafilai. Kala uku na yadi ya sayo a kasuwa, duk suka ƙi: wannan ya yi kauri, wancan yana ƙyalli kamar leda. Sai ya ce bari ya duba akwatin matarsa ko zai sami ƙyalle. A can ƙasa ya ci karo da farin yadi na auduga zalla, mai laushi, saƙarsa ƙanana, daidai abin da yake nema. Farin yadi a akwatin tela ba abin mamaki ba ne. Ya ɗauki almakashi.

Farin filafili ba ya kama da na tsohon jirgi, don haka sai an rina shi da ruwan shayi. Rinin farko ya yi duhu, ya zubar. Na biyu ya tsuke bayan ya bushe, awo ya ɓaci, shi ma ya zubar. Na uku ne ya yi daidai, filafilai ashirin da shida. Yana warware ninkin ƙarshe don ya ga abin da ya rage, sai wani ƙulli ya faɗo. Ya kwance. Auduga, sabulu, kafur, da ƙaramar kwalbar miski. Babu ɗan Zango da zai ga waɗannan huɗun a ƙulli ɗaya ya tsaya tambaya.

Da hantsi ya zo ƙofata, ƙullin na hannunsa, ya tsaya kamar wanda aka dasa.

“Jika, na kashe kaina.”

Na duba ƙullin, na duba fuskarsa. Na ce, “Inna lillahi. Saura nawa?”

“Ko kallabi ba zai yi ba koraa, sam.”

“Kaka, kai wane irin mutum ne? Duk gidan nan an san yadin nan, har akuyar maƙwabciyarmu Mma Rabi ta sani!”

“Zan je Kumasi n gaya mishi.”

Ku ji fa. Da bakinsa ya ce zai je ya faɗa mata, don a Hausarsa ta Zango mace ma “shi” yake ce mata. Sau ɗaya a rayuwarsa mutumin nan ya miƙe zai yi abin da ya dace, ni na zaunar da shi. Na ce mace tana can tana murna da jika, za ka je ka zuba mata garwashi a zuciya? Na ce fari fari ne, alawayyo ya cika kasuwar Nima, mu sayo mu ninke mu mayar, wa zai sani? Na kawo hujja a kan hujja, irin na direban da ɗan sanda ya tare. Ya saurare ni, domin abin da na ce ya fi sauƙi, kuma ya yi daidai da halinsa.

Muka sayo yadi mafi kyau da muka samu. Na je wurin wani Alhaji a unguwar Maamobi na roƙo zamzam a 'yar kwalba, na ce ciwon gwiwa zan shafa wa. Muka shimfiɗa yadin a kan gadonsu muka yayyafa, manyan banza biyu, masu furfura, muna bisimilla a kan ha'inci. Ya bushe, muka ninke, muka sa ƙullin a tsakiya, muka mayar ƙasan akwati.

Da Abiba ta dawo, ta gama rabon tsaraba, sai idonta ya faɗa kan filafilan a jere a kan tabarma, ba a kalmashe bakinsu ba tukuna. Ta ɗauki ɗaya ta murza tsakanin yatsu biyu. Ina bakin ƙofa ina kallo. Ta sake murza shi, ta kai shi kusa da ido.

“Maigida, wannan yadi mai kyau ne paa, sosai. Ina ka samo?”

Ya ce, “Kasuwa.”

Ta ce, “To.” Sannan ta ce hannunsa ba zai iya kalmasa irin wannan ba, ya bari ta yi masa. Kwana uku ta yi a kansu, wasu da keke, ƙananan da allura, ɗinkin da sai ka matso da ido za ka gan shi. Shi kuma ya shafa musu gam da aka tsinka da ruwa, ya ɗora kowanne a bayan ƙwarya har ya bushe ya sandare, ya yi ciki kamar iska ta cika shi. Ranar da ya ɗaura su, duk gidan aka taru ana tafi. Ni har da ajiyar zuciya, na ce mun sha.

Ba mu sha ba. Abin ya zauna wa Imurana a ƙirji, ya fara cinsa. Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya yi mata sabon teburin yanka. Ya yi mata kujera mai majingina saboda bayanta. Ya yi kanta, ya yi wata kantar, ya yi ɗan matashin ƙafa, ya canza ƙofar da lafiyarta ƙalau. Baranda ta cika da kujeru har sai mutum ya karkace zai wuce. Matan gida suka riƙa tsokanar mazajensu, wai ku dubi Masta yadda ake riƙon mata. Abiba takan karɓi kowanne ta ce an gode, Allah ya ƙara wa hannu albarka, sannan ta tsaya tana kallonsa kaɗan. Shi kuma sai ya sunkuya yana tattara kayan aiki.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda ba ta daina maganar likkafanin ba. In an yi rasuwa a unguwa ta dawo daga gaisuwa, sai ta ce, ita dai alhamdu lillahi, nata yana akwati. In ta faɗi haka, ranar ba ya cin tuwo.

Ni ma na dawo daga rakiyar shawarata. Na same shi a rumfa na ce, Kaka, na yi kuskure, ka je ka faɗa mata, in ya so ka ce ni na sa ka. Ya ce bayan azumi. Azumi ya wuce, ya ce bayan layya. Kowace safiyar Sallah Abiba takan yi kwalliya ta zo ta rusuna a gabansa, kamar yadda matanmu suke yi, ta ce, “Maigida, in na yi maka laifi ka yafe mini.” Nan ne miji mai hankali zai ce ni ma ki yafe mini, magana ta buɗe. Shi sai ya ce, “Babu komai,” ya ɗauki darduma ya yi gaba. Sallah takwas ina kallon wannan da idona.

Daga baya ya sa wa kansa wa'adi, ya ce ranar da ya gama jirgin zai zaunar da ita. To jirgin kuma sai ya ƙi ƙarewa. Ni da nake leƙawa na san ya ƙare tuntuni. Yau ya ce tsanin igiya ya saki, ya kwance ya sake ƙullawa. Gobe ya ce anga ta yi ƙanƙanta. Ya cire tagogin baya duka ya sake su. Na ce masa, “Kaka, tsoro kake ji.” Bai musa ba. Ya ce in ya faɗa, abu biyu zai ɗauke mata lokaci guda, yadinta da kuma mijin da take zaton tana da shi. Na ce gobe fa ta Allah ce. Ya ce ya sani.

Wata Talata da safe, keken ya yi shiru a tsakiyar ɗinki. Muka fito muka same ta ta kife a kansa, bakinta ya karkace. Hawan jini ne, ɓarin jikinta ya shanye. Muka sa ta a tasi zuwa asibiti. Kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. A rana ta uku da la'asar ta buɗe ido, ba ta magana amma tana bin mutane da kallo. Rahinatu ta iso daga Kumasi, Hajiya Latifatu na gefen gado. Na ja Imurana waje na riƙe masa wuyan riga, ban taɓa yi masa haka ba.

Na ce, “Wallahi in ba ka faɗa yau ba, ni zan faɗa.”

Ya ce, “Zan faɗa.”

Muka koma. Hajiya Latifatu ta dube mu, ta kama hannun Rahinatu ta ce su je su nemo ruwan zafi. Ya matsa bakin gado. Abiba ta juyo da ido ta kafe shi da su. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Sannan ya ce:

“Hajiya, na gyara ƙafar kekenki. Ya daina ƙara.”

Ta ci gaba da kallonsa, ta daɗe, sannan ta lumshe ido. Aka kaɗa ƙararrawar tashin masu dubiya. A hanya ban ce masa uffan ba, don in na buɗe baki abin da zai fito ba na wasan jika ba ne. A bakin lungu ya ce gobe da sassafe zai koma shi kaɗai, ya rantse da Allah. Na yarda ya yi niyya, don ya tafi ɗin, tun kafin a buɗe ƙofar asibiti yana tsaye. Da aka bar shi ya shiga, ya tarar an yaye zanen gadon.

Kafin azahar an kawo gawarta gida. Mata suka cika tsakar gida, aka ɗora ruwa, Hajiya Latifatu ta ce a fito da akwati. Ina jin wata tana cewa Hajiya Abiba ta dace, da yadin Makka za a rufe ta. Na nemi Imurana a cikin maza ban gan shi ba. Na same shi a rumfarsa, inda aka kai jirgin don a sami wuri a ɗaki, da reza a hannu yana yanke igiyoyi. Aikin wata da watanni yana zubowa ƙasa. Ya cire filafilan duka ashirin da shida, ya zuba a cikin kwanon wanki, ya ɗauka ya ratsa ta cikin matan nan har ƙofar ɗakin da ake wankan. Na bi shi. Ya ce a kira masa Hajiya Latifatu.

Ta fito tana goge hannu, ta janyo labule a bayanta. Ya miƙa mata kwanon.

“Hajiya, wanda ke akwati ba na Makka ba ne. Na Makka ga shi nan. Ni na yanka. Ki sa mishi ko ɗaya ne.”

Ta dubi abin da ke cikin kwanon. Ja-ja ne saboda shayi, a sandare saboda gam, kowanne da gutsuren igiya a jiki. Ba ta karɓa ba.

“Malam Imurana, wannan ba ya shiga kabari. Mayar da shi.”

“Ban gaya mishi ba, Hajiya. Har ya tafi bai sani ba.”

Ta ja numfashi. Ta ce, “Ta sani.”

Kwanon ya karkace a hannunsa, na tare.

“Mace ta shekara arba'in tana taɓa yadi, ka ce za ka canza mata nata ba ta gane ba? Ranar da ta dawo daga Kumasi ta gane, tun taɓawar farko. Washegari ta zo gidana ta yi kuka har muryarta ta dishe. Tare muka jiƙa yadin nan, tare muka shanya shi. Na ce mu je in same ka, ta hana. Na ce to ga nawa mu raba biyu, ta ƙi. Ta ce wanda ka sa mata a akwati, da shi za a rufe ta.”

“Me ya sa bai yi magana ba?”

“Ta ce duk zamanku ita ke fara magana, ita ke ƙarewa. Wannan ɗayar ta bar maka. Ta ce yadi ya riga ya tafi, ba shi take jira ba. Duk kujerar da ka yi mata sai ta zo ta ce mini, Latifatu, yau ma da katako ya zo.”

Ya tambayi abin da ni ma nake son ji.

“Ya yafe mini?”

“Na tambaye ta, ba sau ɗaya ba. Ta ce amsar taka ce, ba za ta ba wani ajiya ba. Ranar da ka tambaya za ka ji.”

Ta ɗaga labule ta koma ciki. Na karɓi kwanon na ajiye a gindin bango, na kama hannunsa na fitar da shi daga cikin mata. Na so in ce masa laifina ne, na kuma faɗa, amma ban ga alamar ya ji ba.

Bayan azahar aka fito da ita ƙofar masallaci. Jama'a sun cika titi har masu trotro suna juyawa ta wata hanya, don babu gidan da ba ta ɗinka wa kayan suna ko na biki ba a lungun nan. Aka ajiye makara, aka daidaita sahu. A wurinmu, kafin a sallaci matar aure, liman yakan kira mijinta a gaban jama'a ya tambaye shi ko ya yafe mata, don kada ta tafi da nauyinsa. Ba a ɗaukar minti ɗaya. Miji ya ce na yafe duniya da lahira, a ce madalla, a tayar da kabbara.

Liman ya juyo ya ce, “Malam Imurana, ga matarka Abiba. Ka yafe mata?”

Shiru. Liman ya ɗauka bai ji ba, ya maimaita da ƙarfi. Imurana na tsaye kusa da ni yana kallon farin yadin da muka sayo a kasuwar Nima. Aka fara ƙus-ƙus a sahun baya. Wani ya ce subhanallahi, me baiwar Allah nan ta yi masa? Rahinatu na can cikin mata a bakin lungu, ina jiyo kukanta. Na taɓa shi da gwiwar hannu na ce, Kaka, don Allah.

Ya ɗago kai. Muryar da ta fito ban san shi da ita ba, har sahun ƙarshe an ji.

“Na yafe, Malam. Babu abin da ya yi mini, ko ɗaya. Ni ne na yi mishi. To ni fa? Wa zai tambayar mini shi?”

Liman bai san zancen ba. Ya dube shi, ya dubi jama'a, ya ce a hankali, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ya juya ya fuskanci gabas ya ɗaga hannu, muka yi kabbara, Imurana na gefena yana kuka kamar ƙaramin yaro.